Zan iya ɗaura esi da kaina a Legas? Amsa ga ɗan'uwa daga Idi-Araba

Wani ɗan'uwa mazaunin Idi-Araba ne ya aiko da tambaya. Ya ce yana haya a ɗaki da falo a saman bene, zafi ya hana yaransa barci, kuma ya ga bidiyon mutanen Amurka suna ɗaura esi mai kai biyu da hannunsu, irin wanda ke ba da sanyi ya kuma ba da ɗumi, ba tare da sun kira makaniki ba. Yana son ya san ko zai iya yin haka a nan Legas, wane iri zai saya, kuma yaya zai riƙe shi ya daɗe.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya raya yaran, ya yi musu albarka. Ɗaura esi da gyaransa ita ce sana'ar da nake ci da ita a nan Agege, kuma na ji daɗi da ka yi tambaya tun kafin ka huda bangon mutane. Mafi yawan aikin za ka iya yinsa da hannunka, in kana da haƙuri kuma ka saba riƙe sifana. Amma akwai wuri biyu da ba zan ba ka shawarar ka sa hannu ba: haɗa bakin bututun gas da zuƙe iskar cikinsa, sai kuma jan waya daga akwatin wuta. Dalili kuwa, injin da ka gani a bidiyo daban, wanda za ka tarar a kasuwar Alaba daban, ko da yake a ido kamar an tsaga kara.

Na Amurkan, irin wanda kamfanin MrCool ya yi suna da shi, an ƙera shi ne musamman don mai gida ya ɗaura da kansa. Bututun jan ƙarfen da ke haɗa kan ciki da na waje yana zuwa a rufe ruf daga masana'anta, an riga an zuƙe iskarsa an ɗura masa gas, kuma kowane baki yana da noti mai bawul a ciki wanda ba ya buɗewa sai an ɗaure shi da abokinsa. Ka haɗa, ka matse da sifana biyu, ka buɗe bawul, shi ke nan. Abin da ya sa suka ƙirƙiro shi a can shi ne tsadar kuɗin aiki, ga kuma dokarsu da ta hana wanda ba shi da takardar shaida ya yi hulɗa da gas ɗin esi. Shi ma da nasa sharaɗin: ba a yanka bututun. In tsawonsa ƙafa 25 ne, wajen mita bakwai da rabi ke nan, kai kuma mita uku kake buƙata, sai dai ka naɗe ragowar a bayan injin.

Kada ka ce za ka sa a aiko maka da shi. Wutar Amurka tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50, kuma ƙananan nasu da yawa na wuta mai ƙarfin volt 115 ne, mu kuwa 230 muke sha. Ko ka shawo kan wannan, ranar da wani abu ya ƙone a cikinsa za ka sha yawo kafin ka sami irinsa. Namu na nan kuwa, gas ɗinsa gaba ɗaya a kulle yake cikin kan waje. Bututun fanko yake zuwa, babu komai a ciki sai iskar gari, kuma sai an yanka shi daidai tsawon da ake so, an buɗe bakinsa, an ɗaure, an zuƙe iskar, kafin a saki gas. A nan gizo ke saƙar, zan kuma dawo kansa.

Batun ɗumi, ajiye kuɗinka. Aikin esi kwasar zafi ne daga ɗaki ya kai waje ya zubar, shi ya sa in ka tsaya gaban kan waje za ka ji huci yana dukanka. Mai ɗumin yana da ƙarin bawul mai hanya huɗu da ke juya tafiyar gas, sai injin ya koma kwaso zafi daga waje yana shigo da shi ɗaki. Dabara ce mai kyau, ba ta cin wuta kamar hita, kuma mutumin Jos ko na tsaunin Mambila zai more ta a Disamba da Janairu. A Legas kuwa, ko a tsakiyar hunturu da wuya awon zafi ya sauko ƙasa da digiri 20 da asuba. Mu abin da ke damunmu laima ce, iskar teku mai danshi da ke sa mutum ya fito daga wanka ya ci gaba da zufa. Mai sanyi zalla ya ishe ka.

Sai girma. A kasuwa da doki ake lissafi: doki ɗaya shi ne wajen BTU 9,000 (BTU ma'aunin ƙarfin sanyaya ne), ɗaya da rabi 12,000, biyu kuma 18,000. Ka ɗauki tef ka auna ɗakin, tsawo sau faɗi. Yadda nake yi, ɗakin da bai wuce murabba'in mita 14 ba doki ɗaya ya ishe shi, daga nan zuwa wajen 20 sai ɗaya da rabi, falo babba kuma biyu. Tunda ka ce kana saman bene, duba ko kwano ne kai tsaye a bisa silin ɗinka, ka kuma duba ko bangon ɗakin yana kallon yamma inda ranar la'asar ke gasa shi har ya kwana da zafi. In haka ne, ƙara rabin doki. Amma kada mai shago ya ruɗe ka da cewa babba ya fi. Esin da ya fi ƙarfin ɗaki yana sanyaya iska cikin 'yan mintuna ya tsaya, alhali bai gama tsotse laimar ba. Sai ka ji ɗakin da sanyi amma jiki na danƙo, zanin gado kamar an shanya bai bushe ba. A gari irin Legas, wanda ya yi daidai da ɗaki yana ta aiki a hankali shi ne mai daɗin barci. In kuɗin guda ɗaya gare ka, sa shi a ɗakin kwana, ka bar falo da fanka.

Ka sayi mai inbata in aljihu zai ɗauka. Kwamfireso shi ne injin da ke tura gas a cikin kan waje. Na gargajiya gudu ɗaya ya sani, ya tashi da ƙarfinsa duka, ya mutu, ya sake tashi, kuma kowane tashi yana fizgar wuta ninkin abin da yake ci a tafe sau da yawa. Mai inbata a hankali yake tashi, in ɗaki ya yi sanyi sai ya rage gudu ya ci gaba da lallaɓawa. Bambancin a mita yake fitowa. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, wato layukan da suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta. Esi mai doki ɗaya da rabi yana cin wajen yunit ɗaya a awa in yana aiki da ƙarfinsa. A wancan farashin, awa takwas na dare naira 1,800 ke nan, a wata naira 54,000. Mai inbata a ɗakin da ke rufe da kyau yana sauko da wannan lissafi sosai, domin yawancin dare ba da cikakken ƙarfi yake tafiya ba. Ka duba takardar wutarka ka ga rukunin da layinku yake kafin ka yanke shawara.

Ka kuma karanta takardar da ke manne a gefen kan waje ka ga irin gas ɗinsa. R32 ko R410A za ka nema. Tsofaffin tokumbo da yawa R22 suke sha, wanda duniya ke janyewa a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illar da yake yi wa sararin samaniya, kuma ƙasashe irin tamu zuwa 2030 aka ba su su daina shi kusan gaba ɗaya. Ga shi ba ka san tarihin kwamfiresonsa ba. Araha ba ta ado.

Yanzu ga naka aikin. Kafin komai ka nemi izinin mai gida ko wakilinsa, ku yi magana a kan ramin da za a huda da inda ruwa zai riƙa zuba. Na sha ganin rigimar haya da ta taso daga nan. Sannan ka zaɓi bango. Kan ciki yana son ya yi sama da ƙasa da mita biyu da ɗan wani abu, a bar masa aƙalla santimita 15 tsakaninsa da silin, domin ta sama yake shaƙar iska. Kada ya zama a bisa talabijin ko soket, saboda duk esi watarana zai iya ɗiga. Kada kuma ya kalli kan gadon yara kai tsaye. Mafi sauƙi shi ne bangon da bayansa waje ne, bututu ya fita ya sauka ba tare da kwana-kwana ba.

A cikin kwali za ka ga farantin ƙarfe da ake rataye kan ciki a jikinsa. Ɗora shi a bango, ka aza masa lebul, ma'aunin nan na magina mai ɗigon ruwa a tsakiya, ka tabbata ɗigon ya zauna daidai kafin ka sa alama. Bulon Legas rami ne a ciki, don haka ka sa robar bango mai kyau a kowane huji, kusa biyar ko fiye, ka kama farantin ka jijjiga ka ji ya zauna daram. Babban ramin da bututu zai bi faɗinsa wajen milimita 65 ne. Ka guji ginshiƙi da bim saboda rodi, ka kuma guji layin da ya miƙe sama ko ƙasa daga soket da makunni, nan ne waya ke bi a cikin bango.

Ramin nan dole ya sunkuya zuwa waje, bakinsa na waje ya fi na ciki ƙasa da kamar santimita ɗaya. Wannan ɗan sunkuyon mutane ke rainawa, ni kuwa babu abin da ya kai shi jawo mini kiran gyara. A lokacin damina esi mai doki ɗaya da rabi yana iya tatso ruwa sama da lita ɗaya a awa daga iskar ɗaki, kuma babu famfon da ke tura shi, gangara kawai yake bi. Bara aka kira ni wani gida a Mile 12. Maigidan ya ce esi na zubar da ruwa, amma ba su ga inda yake zuwa ba. Da muka ja wadirof, sai ga bango ya yi kore shar daga sama har ƙasa, fenti ya kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon rogo, shaddodin uwargida da ke jere a ciki duk sun yi funfuna. Na leƙa ramin da tocila, na ga an huda shi yana hawa sama. Wata uku ruwan yana komowa yana bin bayan katako. Saboda haka in za ka naɗe bututun gas biyu da waya da robar ruwa wuri guda, robar ruwan ce a ƙasa, ba lanƙwasa, ba tudu, kuma kada bakinta ya nutse a cikin kwata ko bokiti. Ka sauke ta har ƙasa, kada ta riƙa ɗiga a kan shanyar maƙwabcin da ke ƙasanka. Kafin ka rufe komai, ɗebi ruwa a kofi ka zuba a tiren da ke ƙarƙashin ƙarafan kan ciki, ka sa yaro ya tsaya a waje ya gaya maka ya ga ya fito. Bayan an gama, ka toshe gefen ramin, in ba haka ba ka buɗe wa ɓera da kyankyaso da ruwan sama ƙofa.

Kan waje kada ya zauna a ƙasa. Ka san yadda ruwan Yuni da Yuli ke cika lunguna. A ɗora shi a kan baraket mai kauri, a ɗaure da bol mai buɗewa a cikin bango, a sa roba a ƙarƙashin ƙafafunsa don kada girgiza ta shigo ɗaki. A bar masa kamar santimita 30 a baya, gabansa kuma fili sosai, domin in hucin da ya fitar ya doki bango ya dawo masa, zafinsa zai riƙa shaƙa, sanyi ya ragu, wuta ta ƙaru. Inuwa ta fi masa rana, kuma kada ya kasance kusa da salansar janareta. In za ka yi masa keji saboda ɓarayi, a yi shi da sanduna masu tazara, kuma a bar ƙofa ta gefen da bawul yake. Tunda bene ne, wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Injin yana kai kilo 25 zuwa 30, nauyinsa kuma a gefe guda yake, wajen kwamfireso. Ku zama ku biyu, da igiya, da tsani mai kyau. In wurin ba ya takuwa, bar wa masu kayan hawa, ranka ya fi kuɗin aiki.

To, mu dawo kan bututu. Ka saye shi da kanka, ka tabbata jan ƙarfe ne zalla. Akwai wanda alminiyon ne aka yi masa baki da jan ƙarfe, ko aka shafa masa launi, kuma a iskar gishirin Legas mahaɗarsa ba ta daɗewa. Ka kankare jikinsa kaɗan da wuƙa, in ka ga fari a ƙasa ka ajiye. Siririn inci kwata ne, mai kaurin kuwa uku bisa takwas ko rabin inci, gwargwadon abin da littafin injinka ya ce. Kowane ɗaya da rigarsa ta soso daban, a rufe shi tun daga baki har baki, domin duk inda jan ƙarfe ya fito tsirara zai yi zufa ya ɗiga. Kada tsawon ya gaza mita uku. Yawancin injina gas ɗin da ke cikinsu na bututun mita biyar ne, in ya wuce haka sai an ƙara a kan sikeli.

Buɗe bakin bututu shi ne inda ake gane makaniki. Ana yanka shi da abin yankan bututu mai ɗan faifai, ba da zarto ba, don garin ƙarfe kada ya shiga. A kife bakin ƙasa a kankare ƙaiƙayin, a zura noti tukuna, sannan a matsa shi a cikin abin buɗewa har ya yi kamar bakin algaita, sumul, ba tsaga, ba karkata. Wannan ɗan bakin shi kaɗai ke riƙe gas, ƙarfe a kan ƙarfe, babu gam babu roba, kuma matsin R410A da R32 ya fi na tsohon R22 da fiye da rabi. A fara ɗaure notin da hannu har ya tsaya, sannan a kawo sifana biyu, ɗaya ta riƙe ɗaya ta matse. In bai matsu ba zai yi yoyo, in ya wuce kima bakin zai tsage ya yi yoyo bayan wata biyu. Akwai sifana mai auna ƙarfin matsi, littafin injin kuma ya ba da adadin kowane noti. Wanda bai taɓa yi ba sai ya ɓata baki da yawa kafin ya fitar da ɗaya mai kyau, kuma kuɗin kayan aikin ya ninka kuɗin kiran makaniki. Shi ya sa na ce ka kira mai yi.

Amma ka tsaya a kansa, kuma tun a waya ka tambaye shi: za ka zo da bakum? Injin zuƙe iska ke nan. In ya ce ba sai da shi ba, nemi wani. Abin da da yawa ke yi shi ne su ɗan buɗe bawul, gas ya yi tsiit na 'yan daƙiƙu, wai ya kore iska, su ɗaure su karɓi kuɗi. Esi zai yi sanyi a ranar, mai gida ya yi godiya. Ɓarnar a hankali take zuwa. Iskar da ta rage tana ɗaga matsi, kwamfireso ya riƙa wahala yana zafi. Laimar da ke cikinta kuwa ta fi muni, domin man da ke cikin injinan zamani yana shan danshi, in ya sha ya koma asid, asid ɗin ya riƙa cin rufin wayoyin da ke naɗe a cikin kwamfireso. Na taɓa yanka wani da ya mutu bai cika shekara biyu ba, na wani tela a unguwarmu. Man da ya kamata ya fito garai kamar man gyaɗa sai ya zubo baƙi ƙirin yana warin ƙuna. Bawan Allah nan kuɗin ɗinkin sallah ya tara ya saya. Abin ya tsaya mini a rai, domin aikin rabin awa ne aka ƙi yi masa.

Ga yadda za ka ga ana yi in ana yi daidai. Bawul biyun na kan waje suna rufe. Ya haɗa tiyon geji, ma'aunin matsi mai allura, a ɗan bakin da ke jikin babban bawul, ɗaya tiyon a injin bakum, ya kunna. Allurar geji za ta sauka ƙasa da sifili har ta kai wajen 76 a layin cmHg. Littattafai kan ce aƙalla minti 15, ni a laimar Legas rabin awa nake ba shi, in kuma da ma'aunin maikiron, mai auna ragowar iska dalla-dalla, sai ya sauka ƙasa da 500. Sannan ya rufe geji, ya kashe injin, ku zauna minti goma kuna kallon allura. In ta motsa ta fara hawa, akwai yoyo, a sake baki. In ta tsaya cik, sai ya sa alanki, ɗan makullin nan mai kusurwa shida, ya buɗe ƙaramin bawul, ya cire tiyo, ya buɗe duka biyun har ƙarshe, ya mayar da murafansu ya matse. Daga nan a kaɗa ruwan sabulu a shafa a duk noti huɗu, biyu a ciki biyu a waje, a duba ko kumfa na tashi.

Gas ɗin nan ba abin wasa ba ne. In ruwansa ya fesu a fata yana ƙona ta da sanyi, R32 kuma yana iya kamawa da wuta in ya taru a wuri rufaffe, don haka ba sigari, ba walda a kusa. Kada ka yarda kowa ya gwada yoyo da iskar oksijin ta masu walda, in ta haɗu da man injin fashewa take yi. Naitirojin ake sa wa. Kada kuma a kunna esi alhali bututu bai gama ɗauruwa ba.

Wuta kuwa, esi layinsa yake so shi kaɗai tun daga akwati, da waya mai kaurin 2.5 ta jan ƙarfe na gaske, da birekarsa, da makunni mai amfiya 20 a kusa da shi, da wayar ƙasa wadda aka tabbatar tana aiki. Ban da soket ɗin jonawa, ban da raba layi da firji ko dutsen guga. Tsofaffin gidajen haya da yawa wayarsu ta fitila da fanka ce kawai, shi ya sa nake so mai aikin lantarki ya duba. Wayar da ke tsakanin kan ciki da na waje lamba-lamba ce, ta 1 ta tafi 1, ta 2 ta tafi 2, kuskure ɗaya yana iya ƙona allon lantarkin mai inbata, allon nan kuwa shi ne mafi tsada bayan kwamfireso. Ka saya masa abin kariyar nan da ke yanke wuta in ta yi yawa ko ta yi ƙasa, ya kuma jira kamar minti uku bayan an dawo da ita kafin ya saki. In wutar layinku kullum a ƙasa take, sai sitabilaiza mai ƙarfin da ya fi na esin. Ƙaramin janaretan nan na fitila da fanka ba zai ɗauka ba. Mai inbata na doki ɗaya ko ɗaya da rabi yana tafiya a kan janareta mai kVA biyu da rabi zuwa uku in ba a jibga masa wasu kaya ba. Ka bar janareta ya daidaita kafin ka kunna esi, ka kuma kashe esi kafin ka kashe janareta.

In an kunna, a ba shi minti 15, sannan a auna iskar da ke shiga ta sama da wadda ke fitowa. Bambancin ya kai digiri 8 ko fiye. Ka fita ka taɓa babban bututu a wajen bawul, ka ji shi da sanyi yana zufa, ba ƙanƙara. Ka ga ruwa na ɗiga daga roba. Sai a nan za ka sallami makaniki. Rasit da katin garanti ka adana su, ka ma tambayi shagon tun wajen saye ko garantin yana da sharaɗin wanda zai ɗaura, domin wasu kamfanoni suna sa wannan.

Wajen amfani, ka sa rimot a 25 ko 26 ka haɗa da fanka a hankali. Sa shi a 16 ba ya sa ɗaki ya yi saurin sanyi, hana injin hutawa kawai yake yi, yara kuma su tashi da mura. Da damina, ranar da babu zafi sosai amma jiki na danƙo, danna rimot zuwa alamar ɗigon ruwa, zai tsotse laima da wuta kaɗan. Labule mai kauri a tagar yamma da tsumma a ƙarƙashin ƙofa suna rage aikin injin fiye da yadda ake zato. Ragar da ke cikin murfin kan ciki ka zare ta duk sati biyu, da hunturu ma duk sati, ka wanke da ruwa, ta bushe a inuwa. Da safe kafin ka kashe, ka bar shi a fanka zalla na ɗan lokaci don cikinsa ya bushe, wannan ke hana warin funfuna. Ƙarafan bayan kan waje ka kashe wuta ka watsa musu ruwa a hankali, ba da matsi ba don kada su lanƙwashe. Masu zama kusa da teku, irin su Lekki da Ajah, su ya fi kamata su yawaita wannan, saboda gishiri na cinye ƙarafan. Wankin ciki sosai, har da fankar da ke kwance kamar gora, a kira makaniki sau biyu a shekara.

Watarana sanyi zai ragu, wani ya zo ya ce maka gas ya ƙare, a ƙara. Gas ɗin esi zagayawa yake yi a rufaffen bututu, ba ya ƙonewa kamar fetur, in ya ragu to ta wani wuri ya fita. Fara duba raga da ƙarafan waje, sau da yawa datti ne kawai. In suna da tsabta, ka duba notocin nan huɗu. Inda ka ga maiƙo ya kama ƙura, nan ne yoyon, domin mai yana biyo gas. Ƙanƙara a kan siririn bututu ma alama ce. A gyara bakin tukuna, a sake zuƙe iska, sannan a ɗura irin gas ɗin da aka rubuta a gefen injin, a kan sikeli, daidai giram ɗin da takardar ta ce.